Yadda Mai Kunne Marar Jure Ƙara Zai Saurari Kiɗan Shugez Ba Tare da Ya Galabaita Ba

Shugez, wanda za ka tarar an rubuta shi shoegaze a manhajojin kiɗa, salon kiɗan jita ne da ya taso a Birtaniya da Ailan a ƙarshen shekarun 1980. Ƙungiyoyin da aka fi dangantawa da shi su ne My Bloody Valentine, wadda aka kafa a Dublin a 1983, da Slowdive ta garin Reading, da Ride ta Oxford. Abin da ya haɗa su shi ne jitoci da ake bi da sautinsu ta cikin na'urori iri-iri har ya daina kama da na jita, ya zama ƙugi mai kauri marar yankewa, sannan a binne muryar mawaƙi can a ƙarƙashinsa. Da gangan aka gina kiɗan don ya cika kunne ya tumbatsa.

Ga mafi yawan masu saurare, wannan tumbatsar ita ce daɗin. Amma akwai waɗanda kunnensu ba ya ɗaukar ƙara kamar na kowa: mai haifarakusis, wato wanda sautin da wasu ke ji daidai yake zame masa azaba, da mai otizim da hayaniya ke yi wa yawa, da mai ciwon ɓarin kai, da wanda kunnensa ke yin ƙugi dare da rana. Wasunsu sukan ji daƙiƙa goma na waƙa ɗaya su kashe, su ce ba nasu ba ne. Wasu kuma sukan ji wani abu a ciki yana jan su, amma jikinsu ya ƙi ba su haɗin kai. Wannan jagora ta rukuni na biyun ce.

Maganar da komai zai tsaya a kanta ita ce: abin da ake kira ƙarfin waƙar shugez tarin abubuwa ne daban-daban da aka curo wuri ɗaya, kuma galibi ɗaya ko biyu ne kawai daga cikinsu ke cizonka. In ka gano wanne ne, sauran aikin mai sauƙi ne. In ba ka gano ba, za ka yi ta rage murya har waƙar ta mutu, alhali abin da ke damunka yana nan daram.

Mataki na farko: gano abin da ke cizonka

Na farko shi ne kaushi. Idan aka tura sautin jita cikin na'urar da ke murƙushe shi, na'urar tana haifar da wasu sautuka sirara a saman na asali, kuma da yawansu suna taruwa tsakanin Hz 2,000 da 5,000 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba kuma siriri). Nan ne kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, domin ramin kunne da kansa yana ƙara wa sautin da ke kusa da Hz 3,000 ƙarfi kafin ya isa dodon kunne. Shi ya sa kukan jariri ke ratsa kai haka. Alamar cewa kaushi ne matsalarka: ka tsinci kanka kana runtse ido, kana cije haƙora, kamar ana goga maka wani abu a cikin kunne.

Na biyu, tangaɗin sauti. Kevin Shields na My Bloody Valentine ya shahara da riƙe ɗan sandan ƙarfen da ke jikin jitarsa yayin da yake kaɗa tsirkiya, ta yadda sautin kan zame ƙasa kaɗan ya dawo, ya sake zamewa, bai taɓa tsayawa cak ba. Ya kuma yi amfani da amsa-kuwwa da aka juya ta baibai, sai sautin ya riƙa kumbura a hankali ya katse, maimakon ya buga sannan ya dushe yadda kunne ya saba. Wasu wannan ne ke sa su lumshe ido don daɗi. Wasu kuwa jiri yake sa musu, ko tashin zuciya. Wannan ba shi da alaƙa da yawan ƙara, ko a can ƙasa-ƙasa ka sa waƙar za ka ji shi.

Na uku, cunkoso. Kiɗan da aka saba yana da 'yan ramuka na shiru tsakanin bugu da bugu, inda ƙwaƙwalwa ke ɗan shan iska. Shugez ya toshe ramukan. Ƙwaƙwalwa tana ta ƙoƙarin raba murya da jita da ganga, ta kasa, ta sake gwadawa. Ba zafi za ka ji ba, gajiya ce da ƙunci, da jin kamar ɗakin ya matse.

Sai bazata, wato waƙa ta fara a hankali ko da shiru, sannan komai ya rufto lokaci ɗaya. Akwai kuma rugugin ƙasa da ake ji a ƙirji da ciki, da yawon sauti daga kunnen dama zuwa na hagu.

Gwajin ba shi da wuya. Zaɓi waƙa ɗaya, ka sa ta a sifika da murya ƙasa sosai, ka saurara na rabin minti. Kada ka tambayi kanka ko tana da daɗi. Duba jikinka: muƙamuƙi, kafaɗu, ciki, numfashi. Kashe, ka rubuta kalma ɗaya, kaushi ko jiri ko gajiya ko firgita. Maimaita a wata ranar da wata waƙar. In kalma ɗaya ta riƙa dawowa, ka kama ɓarawon.

Mataki na biyu: lokaci da wuri

Juriyar kunne ba ta tsayawa a ma'auni ɗaya. Ranar da ka wuni cikin hayaniya, ko ba ka yi barci ba, ko kanka ya fara sarawa, abin da ka ɗauka jiya ba za ka ɗauke shi yau ba. Bar waƙar sai ranar da kake da sarari. Ɗakin ya zama shiru, domin duk wata ƙara ta fanka ko injin da ke kusa za ta sa ka ƙara murya ba tare da ka lura ba. Rage haske, ka kife waya. Ido da kunne daga rijiya ɗaya suke ɗiban ƙarfi.

Mataki na uku: abin da za ka saurara da shi

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami tun ba a je ko'ina ba. Ƙaramar sifikar da ke jikin waya ko kwamfutar cinya ita ce mafi muni ga wannan kiɗa. Ba ta iya fitar da sautin ƙasa ba, don haka duk kauri da ɗumin waƙar sun ɓace, abin da ya rage shi ne tsakiyar nan mai kaushi, daidai inda kunnenka ya fi jin zafi. Wanda ya fara jin shugez ta sifikar waya ya ce ƙara ce kawai, bai yi ƙarya ba, amma rabin waƙar ya ji, kuma rabin da ya fi cizo.

Fara da sifika mai ɗan girma, ka ajiye ta nesa da kai kamar mita biyu ko fi. Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi: kada ka sa ta fuskance ka kai tsaye, ɗan karkatar da ita gefe. Sautuka sirara a miƙe suke tafiya, masu kauri kuwa suna bazuwa ko'ina, don haka karkatarwar tana rage kaifi ta bar maka jikin waƙar. Ɗaki mai labule da darduma da katifa ya fi ɗaki mai tayil da bango tsirara, saboda kayan laushi suna shanye siraran sautukan da za su dawo maka daga bango.

In dole sai da hedifon, wanda ke rufe kunne daga waje ya fi ɗan iyafis da ake cusawa cikin rami, kuma mai buɗaɗɗen baya ya fi barin kai ya sha iska. Masu kashe ƙarar waje suna taimaka wa wasu, domin ba sai sun ƙara murya ba, amma wasu sukan ji kamar ana danna musu kunne. Gwada shi babu kiɗa tukuna, na 'yan mintuna, ka ga yadda jikinka zai karɓe shi.

Mataki na huɗu: saita murya

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da ya jefa jinsa cikin haɗari ba. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2, har a kai 100 inda minti 15 kacal ya rage. Sai dai ka riƙe wannan: waɗannan lambobi iyakar lalacewar kunne ce, ba iyakar jin daɗinka ba. Mai haifarakusis na iya shan wuya a desibel 70, kuma wuyarsa ta gaskiya ce ko da na'ura ta ce babu haɗari. Jikinka ne alƙali a nan.

Kada ka saita murya a farkon waƙa. Mai da ita sifili, ka ja waƙar zuwa wajen kashi biyu cikin uku na tsawonta, inda galibi ta fi cika, sannan ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan har ka ji ta sosai. Tsaya nan, ka rage ɗigo ɗaya. Wannan ne rufinka. Yanzu koma farko. In za ka iya yin magana da wanda ke gefenka ba tare da ka ɗaga harshe ba, kana wuri mai kyau.

Akwai tarko a wannan kiɗan da babu shi a wasu, kuma shi ne ya fi cutar da mutane. Da yake muryar mawaƙin a binne take, hannunka zai kai ga madannin ƙara murya da kansa don ka ji me ake faɗa. Ka ƙara, muryar ta taso kaɗan, amma jitocin sun taso tare da ita daidai wa daida. Ka sake ƙarawa. Ba za ka taɓa cim mata ba, domin a ɗakin haɗa sauti aka ajiye ta a can, da niyya. In baitocin kake so, nemo su a rubuce ka karanta kafin ka kunna. Da ka san abin da ake faɗa, ƙwaƙwalwarka za ta daina farautar kalmomi, kuma rabin gajiyar nan ta cunkoso za ta tafi.

Sannan ka kunna daidaita ƙara a manhajarka, don kada wata waƙa ta shigo da ƙarfin da ya fi na wadda ta gabace ta. Spotify yana da wannan, har da zaɓin mataki mafi sanyi, Apple Music kuma yana kiran nasa Sound Check. A iPhone akwai wurin sa wa hedifon iyaka, ana iya saukar da ita har desibel 75. Kashe abin nan da ke kunna wata waƙa da kansa bayan taka ta ƙare. Bazata mafi muni ita ce waƙar da ba kai ka zaɓa ba.

Mataki na biyar: gyara sautin da ikwalaiza

In gwajinka ya nuna kaushi ne, ikwalaiza ce abokiyarka, wato jerin sandunan nan da ke cikin saitin manhajar kiɗa, inda kowace sanda ke ɗaga ko sauke wani ɓangare na sauti. Nemo sandar da ta fi kusa da Hz 2,000 zuwa 4,000, ka sauke ta da desibel 3, ka saurara. In har yanzu da cizo, ƙara saukewa kaɗan. In abin da ke damunka shi ne tsiiin faranten ƙarfe da mai ganga ke bugawa, sauke sandunan da ke sama da Hz 8,000. In rugugi ne a ƙirji, sauke na ƙasa da 100. Doka biyu ce kawai: ragewa ake yi, ba a ƙarawa, kuma sanda ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wacce ta yi aiki ba.

Mai jin jiri saboda yawon sauti tsakanin kunnuwa ya shiga saitin taimakon masu buƙata ta musamman a wayarsa, Android ce ko iPhone, ya kunna mono, sai kunnuwan biyu su riƙa jin abu ɗaya. Tangaɗin sauti kuwa babu madannin da ke gyara shi. Abin yi shi ne ka buɗe ido ka kafa shi a kan abu ɗaya da ba ya motsi, ka zauna da ƙafafu a ƙasa, ko kuma ka zaɓi ƙungiyoyin da ba su cika yin sa ba.

Masu tsattsauran ra'ayi za su ce ka ɓata abin da mawaƙin ya nufa. Ni ban ɗauki wannan da nauyi ba. Kunnen da aka haɗa waƙar dominsa ba irin naka ba ne, kuma abin da ke isa ƙwaƙwalwarka bayan ka rage kaifin zai iya fin kusa da abin da sauran mutane ke ji.

Mataki na shida: ta wace ƙofa za ka shiga

Kada ka fara da Loveless, faifan My Bloody Valentine na 1991, duk da cewa shi kowa zai fara ambata maka. Shi ne ya fi tara kaushi da tangaɗi, kuma waƙarsa ta farko da bugun ganga huɗu take buɗewa, sannan jitoci su rufto gaba ɗaya. Wanda bai sani ba, da hedifon a kunne, zai zabura. Fara da gefe mai taushi: Cocteau Twins na Sikotilan, waɗanda suka share wa salon hanya, ko Souvlaki na Slowdive da ya fito a 1993, inda amsa-kuwwa ta fi murƙushewa yawa. Nowhere na Ride, na 1990, ya fi su bugun ganga da ƙarar faranti. Loveless ya zo daga baya, in ma ya zo.

Waƙa ɗaya za ka ɗauka, ka zauna a kanta kwanaki. Da hannunka a kan madanni za ka shiga, daga sifili ka ɗaga zuwa rufinka cikin daƙiƙa goma, wato kai ne ka buɗe mata ƙofa. Kada ka yi ƙoƙarin jin komai. Kama zare ɗaya, jitar bes mai kaurin sauti ko bugun ganga, ka bi shi, ka bar sauran su zuba a gefe. In ta ƙare, zauna shiru gwargwadon tsawonta kafin ka yi wani abu.

Maimaitawar tana da dalili. Babban ɓangare na wahalar ƙara daga rashin sanin abin da ke tafe yake, jiki yana ɗaure kansa yana jira. A saurare na huɗu ko na biyar ka riga ka san inda jita za ta kumbura da inda za ta lafa, sai kafaɗunka su sauka da kansu. A nan ne wasu masu kunne marar jure ƙara ke gano abin mamaki: wannan kiɗan da ya fi kowanne cika yana iya zame musu mafaka. Ƙugin ba ya yankewa, ba ya zabura, kuma yana rufe ƙananan sautukan da ke tsikarar su, bugun ƙofa da ƙarar cokali da tarin maƙwabci, kamar yadda ruwan sama mai ƙarfi a kan rufin kwano ke haɗiye duk wani motsi na gida. Ba kowa ke kaiwa nan ba, kuma ba gasa ake ba.

Ka tsaya nan take in ka ji zafi a cikin kunne, ko kunnen ya cika kamar ruwa ya shiga, ko ƙuginsa ya ƙaru, ko zuciya ta fara bugawa da sauri. Daurewa ba ta horar da kunne, sai dai ta koya masa tsoron waƙar.

Mataki na bakwai: bayan saurare

In ka cire hedifon ka ji duniya ta dushe, ko kunne yana ƙara, ka wuce gona da iri. Yawanci jin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma dawowarsa ba shaida ce ta cewa babu abin da ya lalace ba. Binciken da masana ji Kujawa da Liberman suka wallafa a 2009 ya nuna cewa a kunnen ɓeraye, mahaɗar jijiyoyin ji na iya mutuwa ko da gwaji ya nuna jin ya koma daidai. Kevin Shields kansa ya sha faɗin cewa yana fama da ƙugin kunne.

Wani kuskuren kuma ta ɗaya gefen yake: toshe kunne wuni guda, har a wuri marar hayaniya. Ƙwaƙwalwar da aka hana sauti takan ƙara wa kanta kaifi, sai abin da ka jure a da ya gagare ka. Matoshin kunne na wurin ƙara ne na gaske.

Mataki na takwas: in za ka je inda ake yin sa kai tsaye

Wannan wata duniya ce daban, domin madannin ba ya hannunka. My Bloody Valentine sun yi suna da rufe wasansu da ƙugi tsantsa na tsawon mintuna masu yawa, kuma da suka dawo fage a 2008 matoshin kunne aka riƙa raba wa mutane kyauta a ƙofa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya wuce desibel 100, wanda ko shi ya yi wa kunne tsirara yawa bayan rubu'in awa.

Matoshi na soso ya fi rage ƙara, amma sai an sa shi daidai: murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura. In rabinsa yana leƙowa waje, bai shiga ba. Akwai kuma na mawaƙa masu matata, masu rage desibel 9 ko 15 ko 25 ba tare da sun dusashe kiɗan ba. A irin wannan wasa, 25 za ka nema. Sa su tun kafin ka shiga zaure. Tsaya kusa da teburin mai haɗa sauti ko bayansa, nesa da sifikoki da kusurwar bango inda rugugi ke taruwa, kuma ka san ƙofar fita tun wuta ba ta mutu ba. Tambayi masu wurin ko za a yi fitilu masu walƙiya. Ka sani kuma matoshi ba ya hana sautin ƙasa girgiza ƙirji da ƙashin kai.

Wanda ƙara ke sa wa zafi na gaske a kunne, shawarata ya bar wasan kai tsaye ya tsaya ga na gida. Kuma akwai alamun da ba a jira da su: ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, a ga likitan kunne a ranar. Ƙugin da ke bin bugun zuciya, ko na kunne ɗaya kawai, ko zafi da dushewar da suka wuce kwana biyu, su ma na likita ne. In za a yi maka gwajin ji, gaya wa mai gwajin tun farko cewa ba ka jure ƙara, domin akwai gwaje-gwajen da ake ɗaga sauti sosai a cikinsu, kuma yana iya sassauta su ko ya tsallake su.